Wa Zai Ɗauki Bindigar Katako?

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse. Taibatu na zaune a layin masu nono tana korar ƙuda daga bakin ƙwaryarta, sai ta hango ɗanta Ishaku ya taso daga makaranta yana nufo ta. Wasu 'yan ajinsu na biye da shi, suna tsalle suna nuna shi da yatsa.

"Kacalla! Ga Kacalla nan! Kowa ya ɓoye akuyarsa!"

Yara ne, dariya suke yi. Amma mai tsiren da ke gefe bai yi dariya ba. Ya ɗago kai ya bi yaron da kallo tun daga hula har silifa, wani ɗan acaɓa ma ya waiwayo. Wannan kallon shi ya tsorata Taibatu. A ƙasar nan ko jariri ya san waɗanda ake ce wa Kacalla, manyan 'yan bindigar daji ne. Kuma kowa ya san yadda ake nuna mutum da baki a kasuwa yau, gobe a neme shi a rasa. Ta rufe ƙwarya da faifai ko rabi ba ta sayar ba, ta ce, "Kai, wuce mu tafi."

"Kai" take ce masa, ko "wannan yaron". Ɗan fari ne, kuma a gidansu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kamar yadda ba ta kama sunan miji. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

Sai da suka isa ɗakin da suke zaune a bayan gari ta tsare shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wasa ne anka sa mu. Na asembilin Alhamis."

Ta san asembilin Alhamis, har ma tana son sa. Kowace Alhamis da safe, in an yi addu'a an rera taken ƙasa, ba a shiga aji nan take. Sai wani aji ya fito fili ya koya wa sauran yara wani abu, ko da waƙa ko da wasan kwaikwayo: wanke hannu, shiga gidan sauro, yadda ake tsallaka titi. Daga can ƙanwarsa Nazifa ta dawo ta hana kowa sakat sai da aka samo wa randa murfi. To wannan makon baƙi za su zo daga ofishin ilimi, an gayyaci iyaye, kuma 'yan aji shida ne za su yi wasa a kan zaman lafiya. Ɗan bindiga zai faɗo wa ƙauye ya kore shanu, soja ya kama shi, shi kuma ya durƙusa gaban mai gari ya yi kuka ya nemi gafara.

"To kai mi kake a ciki?"

"Sufyanu shi ne mai gari. Anas soja. 'Yan aji ɗaya su ne shanu." Sa'annan ya ce, "Ni ne ɗan bindigar. Malam Kamilu yac ce na iya Fillanci, kuma ina da malafa da sanda a gida, ba sai an nemo ba. Yac ce ni na fi kama."

Ka ji fa! Shi ya fi kama. Taibatu ta ji zuciyarta ta tafasa har sai da kunnuwanta suka yi zafi. Yaron da aka ce ya fi kama da ɗan bindiga, 'yan bindigar ne suka mayar da shi maraya. A rugarsu ta bayan Damaga suke, da garkensu da rufin asirinsu, ranar da aka zo musu a kan babura da hantsi. Kowa ya arce cikin dawa. Ubansa Buba bai gudu ba, ya je ya tsaya a gaban shanunsa da sanda a kafaɗa, a nan aka harbe shi aka kore garken kaf. Yau nonon da take sayarwa saro shi take yi, don ko maraƙi ba ta da shi. Abin da ya rage mata a duniya yaran nan biyu ne, kuma ta rantse tun ranar da suka sauka Mafara cewa wannan yaron karatu zai yi, ba zai sake bin bayan saniyar kowa a daji ba.

Washegari ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yafa mayafi, ta kama hannun Nazifa, ta tafi makarantar. Uwa ta je bin kadin ɗan fari gaban maza, abin kunya ne a wurinsu, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta tarar da hedimasta, Malam Misbahu, tsaye a baranda yana faɗa da masu kafa rumfa. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi: an kwana lafiya, ya aiki, ya gida, ya iyali, ya haƙuri da yara, ya muka ji da ruwa. Ya amsa rabi yana kallon rumfarsa, sa'annan ya ce, "Baiwar Allah, wane yaro ne naki?"

Ta buɗe baki ta kasa. Sai Nazifa ce ta ce, "Ishaku, na aji shida."

Aka kira Malam Kamilu. Saurayi ne mai fara'a, alli har a gemu, ba mugu ba ne ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ba ta haushi. Da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi. Da ta faɗi abin da ya kawo ta sai ya yi dariya ya tafa hannu.

"Haba Inna! Ai wasa ne. Katako ne fa, kafinta ya sassaƙa mana. Kuma yaronki ya fi kowa iyawa, in ya daka tsawa har ni sai na razana."

"Malam, jiya a tsakiyar kasuwa anka kira shi Kacalla. Suna linzami ne. A ba wani."

"Wa za a ba yau Laraba, wasa gobe? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kullum haka muke yi, bara ma wani yaron ruga ne ya yi, lafiya lau aka tashi."

"Ina yaron yake yanzu?"

Malam Kamilu ya ɗan sosa ƙeya. "Sun tashi, ina ji."

Ta so ta ce musu uban yaron nan a gaban shanunsa aka kashe shi. Ta yaya za ta baje zancen mijinta gaban baƙin maza, a baranda, masu rumfa na saurare? Tana cikin wannan kokawa da harshenta hedimasta ya gaji.

"Kin ga, muna da aiki. Yaro ya zo gobe ya yi abin da malaminsa ya sa shi. In ya ƙi zuwa ya kunyata mu gaban baƙi, to ku nemi wata makarantar. Allah ya ba mu alheri."

Ta tashi ta karkaɗe zane, ba ta ce amin ba.

Ana wata ga wata. Da la'asar sai ga Baffa, ƙanen marigayi, labari ya riga ya same shi a bakin masallaci. Ko tabarma bai yarda ya hau ba.

"Ɗan ɗan'uwana ba ya riƙa bindiga gaban mutanen gari, ko ta kara ce. Waya kowa ke ɗauke da ita yanzu. A ɗauki hotonsa da malafa da bindiga, ya shiga duniya, wa zai tsaya tambayar ko katako ce? In ya riƙa ta gobe, jibi in kai shi Bakura wurin wani mai shanu da ke neman makiyayi. Ni dama ban ga amfanin bokon ga ba."

"In kuma bai je ba sun kore shi."

"To ba shi ke nan ba? Sun hutar da mu."

Gaba kura, baya sayaki. Ya je ya riƙa, Baffa ya ɗauke shi. Ya ƙi zuwa, hedimasta ya kore shi. Duk hanyar da ta bi da tunaninta a bayan shanun wani take ƙarewa, a dajin da ya ci ubansa. Taibatu ta ji tsoro, tsoro na gaske, amma haushi ya fi tsoron yawa. Wato har an gama shirya wa ɗanta rayuwa, wannan ya ja nan wancan ya ja can, ita da ta haife shi ba a ko tambaye ta ba!

Da safiyar Alhamis ta miƙa masa farar rigar makarantarsa da ta wanke, ta ɗauko malafa da sanda da kanta ta ba shi. Na ubansa ne, su kaɗai aka tsinto a wurin.

"Za ka makaranta," ta ce. "Ka tsaya a layi kamar kowa. In an kira ka fili ka fita. Amma wannan katakon, hannunka kada ya taɓa shi."

"To Inna, in na fita mi zan yi?"

"Ban sani ba. Ai shi ma mai malafar nan bai san abin da zai yi ba, tsayawa kawai ya yi."

Ba ta shiga rumfar iyaye ba. Ta tsaya a gindin dalbejiyar da ke bakin fili, inda Baturiya mai awara ke kafa kaskonta. Yara sun jeru aji-aji, gajeru a gaba, dogaye a baya. Baƙi sun hakimce kan kujerun roba, ana ta yi musu fifita da kwali. Aka yi addu'a, aka rera taken ƙasa, wasu 'yan mata suka yi waƙar tsafta aka tafa musu. Hedimasta ya yi jawabi mai tsawo a kan zaman lafiya har wani baƙo ya fara gyangyaɗi. Can ta hango Baffa ya raɓe a jikin katanga, ya harɗe hannuwa, ya zo ya gani da idonsa.

Sai Malam Kamilu ya fito ya ce ga wasan 'yan aji shida.

Sufyanu ya zauna kan turmi da rawanin zanen gado. 'Yan aji ɗaya suka shigo da rarrafe, an ɗaura musu ƙahon kwali, suna ta "mooo" suna ture juna, fili ya kece da dariya. Anas ya laɓe bayan allo da hular soja ta takarda. Bindigar katako kuwa an jingine ta a jikin tebur, an shafa mata baƙin fenti, daga nesa sai ka rantse ta gaske ce.

"Ɗan bindiga!" in ji Malam Kamilu.

Ishaku ya fito daga layi da malafa a kai. Nan take yara suka ɗauka, "Kacalla! Kacalla!" Wayoyi suka tashi sama daga rumfar iyaye. Taibatu ta damƙe gefen mayafinta, ta shirya in ya miƙa hannu ta kutsa ta fizgo shi, kome zai faru ya faru.

Ya nufi teburin. Ya zo daidai bindigar, ya wuce ta ko kallonta bai yi ba. Ya taka har gaban 'yan shanun, ya juya musu baya, ya ɗora sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa biyu a kanta, ya tsaya.

Wayyo Allah. Tsayuwar Buba ce sak, har yadda yake ɗan karkata kai.

"Ishaku," Malam Kamilu ya ce ƙasa-ƙasa, yana murmushin dole saboda baƙi, "ka manta bindigarka."

"Ba tawa ba ce, Malam."

"Kai, ɗauki ka kore shanun!"

"Ni ne mai shanun," in ji Ishaku da ƙarfi, har bakin katanga an ji. "Wanda zai kore su ya zo."

'Yan shanun suka ɗago kai suna raba ido, ɗaya har ya zauna ya cire ƙahonsa. Malam Kamilu ya dubi hedimasta, hedimasta ya zare masa ido. Gumi ya keto wa malamin. Ya ga dai wasa ba ya tafiya sai da ɗan bindiga, sai ya juya ga allo.

"Anas! Cire hular nan, zo ka ɗauka."

Anas ya leƙo ya noƙe kafaɗa. "Malam, ni soja ne."

"Na ce ka ɗauka!"

Kafin yaron ya motsa, wani mutum mai babbar riga ya miƙe zumbur daga rumfar iyaye. "A'a Malam! Ɗana kam a'a. Ana ɗaukar hoto fa."

"Sufyanu, to kai sauko."

"Wallahi bai saukowa!" wata mata ta ɗaga murya daga bayan rumfa. "Mai gari kunka ce zai yi, na ba da zanen gadona. A je ana ce mai Kacalla a unguwa? Allah ya kiyaye!"

Malam Kamilu ya bi layin 'yan aji shida da ido yana kiran sunaye. Wannan ya sunkuyar da kai, wancan ya ɓuya bayan na gabansa, wani ya ce cikinsa ke ciwo. Yaran da suka yi kwana biyu suna ihun Kacalla, ga katako a jingine, an rasa mai taɓawa. Ashe kowa ya san ba wasa ba ne. Wasa ne kawai in a kan ɗan wani ya faɗa. Baturiya ta yi tsaki ta ce, "Ka ji su, 'yan baƙin ciki," ta juya awararta da ta fara ƙonewa.

Hedimasta ya ga abin na neman zama abin faɗe. Ya miƙe da bulalarsa a hannu, ya tako tsakiyar fili, fuskarsa murtuk.

"Kai! Kai kaɗai za ka ɓata mana taro gaban manyan baƙi? Durƙusa!"

Ishaku bai durƙusa ba. Ya waiga yana neman uwarsa. Ita kuwa ba ta san lokacin da ta baro gindin dalbejiya ba, sai ganin kanta ta yi tana ratsa layin 'yan aji uku, yara na darewa suna ba ta hanya. Ta tsaya kusa da ɗanta, a gaban mutum sama da ɗari, ita da ko a biki ba ta zama kusa da shi.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "in don ya saɓa wa malaminsa ne, ya durƙusa, malami uba ne. In kuwa durƙuson cikin wasanku ne, na ɓarawon da anka kama, wallahi gwiwarsa ba ta taɓa ƙasar nan."

"Ke kuma wa ya kira ki fili? Ni ba na magana da mata a kan tarbiyyar yaro." Ya nuna Ishaku da bulala, ya faɗi abin da ya saba faɗa wa kowane yaro mai laifi tun da ya fara koyarwa. "Fice mini daga makaranta. Kada in sake ganin ka sai ka zo da ubanka!"

Baffa ya saki hannuwansa daga jikin katanga. Nazifa, can cikin layin 'yan aji biyu, ta fashe da kuka.

Taibatu ta matso gaba. Ta ɗaga kai ta dubi hedimasta ido cikin ido.

"Ubansa kake nema? Sunansa Buba." Sunan ya fita daga bakinta da nauyi, karo na farko a rayuwarta, amma ba ta tsaya ba. "Yana kwance a bayan Damaga, inda 'yan bindiga sunka harbe shi gaban shanunsa. Malafar da kunka ce a kawo ta ɗan bindiga, tasa ce. Sandar ma tasa ce. Wannan kuma Ishaku ne, ɗana, ɗan Buba, ba shi da wani suna bayan wannan. Ubansa ba ya zuwa, ranka ya daɗe. Ni ce zan zo, gobe da jibi da gata, in kawo shi in sa shi a layin nan. In korarsa za ka yi, ga yara ga iyaye ga baƙinka, ka faɗa musu laifinsa da bakinka."

Wayoyin da ke sama suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Mutumin nan mai babbar riga ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya koma ya zauna a hankali. Malam Kamilu ya tsaya baki buɗe, idonsa a kan malafar.

Hedimasta ya dubi baƙinsa, babu wanda ya taimake shi da ko ƙiftawar ido. Ya dubi yaron. Ya buɗe baki zai faɗi laifin, ya lalubo ya lalubo bai samu ba. Bulalar ta sauka a hankali har ta taɓa ƙasa.

"Allah ya ji ƙansa," ya ce. Sa'annan ya ce, "Koma layi."

Ishaku ya sauke sanda daga kafaɗa. Ya je gaban Malam Kamilu ya rusuna kamar yadda ake gaida malami, ya ce, "Malam, a yi haƙuri na ɓata wasa." Ya miƙe ya koma cikin 'yan aji shida, yaran suka matsa suka ba shi wurinsa.

Aka kaɗa ƙararrawa, layuka suka fara shiga aji. Taibatu ba ta gusa daga tsakiyar filin ba. Baffa ya tako ya tsaya daga gefe, ya kau da kai saboda kunyar sunayen da ya ji ta kama, ya ce, "To ai sai ki zo mu tafi, mutane na kallonki."

"Su kalla," ta ce. "Sai na ga ya zauna a aji."